Taswirorin Baba na Ƙarƙashin Ƙasa

A zauren waya da muke taruwa, mu 'yan tsirarun da ke buga wani tsohon wasan kwamfuta, wani ya kawo shawarar kowa ya faɗi yadda ya fara cin karo da shi. Amsoshi suka yi ta zubowa. Wannan abokin karatunsa ne ya nuna masa, wancan yana kwance da karaya a ƙafa ya rasa abin yi, wata kuma ta ce kuskuren latsawa ne kawai. Ni na rubuta layi biyu na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Nawa labarin ba ya shiga layi biyu, kuma ma ba ni na fara gano wasan ba. Babana ne, bayan ya yi ritaya.

Shekara talatin da takwas Baba ya yi a ofishin safiyo, yana auna filaye yana zana taswira da hannu. Mutum ne da idan ya ja layi da fensir sai ka rantse inji ne ya buga. Yana da ƙa'ida guda da ya yi aiki da ita duk tsawon shekarun nan, kuma da ita ya rene mu, ni da Yaya. Idan takarda da ƙasa suka saɓa, in ji shi, kar ka kuskura ka zargi ƙasa, ka koma ka sake awo, kuskuren naka ne. Ko labule Umma ta ɗinko ya gaza taga, sai ta sha wannan karatun.

Da zai bar aiki ofis na sauya kwamfutoci, sai aka haɗa masa da tsohuwa guda, mai ƙatuwar ƙeya, nauyinta kamar buhun siminti. Shekara biyu tana kusurwar falo an rufe ta da zane, Umma na ɗora mata filas da kofuna. Ni ce auta, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma kullum in na tashi sai na biya ta gida kafin in wuce nawa. Ni da iyayina na yaye zanen na jona ta, wai don Baba ya riƙa rubuta tarihin aikinsa ya rage zaman kaɗaici. Bai rubuta ko shafi ɗaya ba. Cikin tone-tonensa ya faɗa kan wani wasa da wani ma'aikacin ofis ya manta a ciki.

Wasan ba shi da wani kyan gani. Allo baƙi ƙirin, ba hoto ba kiɗa. Kai ɗan alama ne guda a tsakiyar ɗaki, bango layuka ne, ƙofa wata 'yar gicciye, dodanni kuwa haruffa ne kawai ke matsowa. Aikinka ka nemi matakala ka sauka hawa na ƙasa, daga nan ka sake neman wata, har ka kai ƙarshe idan da rabo. Ba ka ganin komai sai inda ƙafarka ta taka. Kuma babu abin da ke motsi sai ka motsa, ko da za ka yi awa guda kana tunani. Wannan shi ne ya kama Baba. Ya raɗa masa suna Rami.

Kashegari ya aike ni in sayo masa takarda mai gida-gida, fensir uku da rula. Sai ya yi taku ɗaya a allo, ya sunkuya ya ja layi a takarda, ya ƙirga gidaje, sannan ya sake taku. Abin da wani zai gama cikin minti biyar, Baba sai ya yini a kai. Na ce masa, "Baba, ai allon na nuna maka inda ka wuce."

Ya ce, "Yana nuna min yau. Ni don gobe nake zanawa."

Ban ƙi ba, don na ga yana cin abinci da kyau, har waƙe-waƙe yake cikin maƙogwaro. Mako uku ya yi a wannan tafiya ta farko, ya kai hawa na huɗu, inda wani harafi da aka ce maciji ne ya gama da shi. A wasan nan idan ka mutu ka mutu ke nan, babu komawa inda ka tsaya, sai dai ka faro daga hawa na ɗaya. Ina nan a ranar, zaune a hannun kujera ina duba takardun ɗalibai. Ko a jikinsa. Ya gyara zama ya jawo taswirarsa ta hawa na ɗaya, ya ce yanzu ne za su gane sun taɓo ɗan safiyo.

Taswira ta ce akwai ƙofa a gabas, taku shida. Ya yi taku shida ya ci karo da bango. Ya dubi takarda, ya dubi allo, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ko ya riƙe ta a baibai ne. Ba ta dace ba ta kowace fuska.

Na yi dariya. Na ce, "To, yau ga ranar da Baba ya yi kuskuren awo." Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina. Shi bai yi dariya ba, ya ɗauko sabuwar takarda ya rubuta kwanan wata a kusurwa, ya faro daga farko.

Haka aka yi wata biyar. Duk lokacin da ya mutu ya dawo hawa na ɗaya, sai ya tarar taswirar da ya yi makonni yana wahala a kanta ba ta da amfani, sai ya sake sabuwa da ƙarin taka-tsantsan, yana ƙirga kowane gida sau biyu da tsinin fensir. Waƙar maƙogwaro ta ɗauke. Ya je ya sauya tabarau, bai ga canji ba. Wata rana na shigo na same shi durƙushe da tef yana auna falonmu, falon da shi ya zana shi kafin a gina. Ya rubuta abin da ya samu, ya ninke takardar ya sa a aljihu, bayan awa guda ya sake aunawa ya gwada da na farko.

Umma ce ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Auta, Babanku fa ba ƙalau yake ba. Sau uku yake tambayata ranar da muke ciki, ba wai don bai sani ba, sai ya faɗa da kansa sannan ya ce in gaya masa ko daidai ne. Abinci sai ya juya cokali ya ture. Jiya na leƙo na ga ya haɗa kai da gwiwa a gaban akwatin nan, na yi magana bai ko ɗago ba."

Za a ce malamar lissafi guda, ya aka yi ban gano komai ba. To ban taɓa zama na kalli wasan na minti goma ba, raina shi nake yi. Ban da haka, mu ma da ƙa'idar Baba muka tashi. A gidanmu babu wanda zai zo masa a rai cewa ƙasa ce ke sauyawa.

Ranar Asabar Yaya ya zo. Yaya mutum ne mai son yanke magana a tsaye, ya ɗauka duniya duk ma'aikatarsu ce. Umma ta riga ta kira shi ta fesa masa komai. Ya ɗauko taswirorin daga kan tebur ya shimfiɗa su a kan kafet, bakwai, kowacce an rubuta mata hawa na ɗaya da kyakkyawan rubutun Baba. A wata ɗakin farko dogo ne, a wata kusan murabba'i, a wata ƙofa uku, a wata ɗaya tak.

Ya sassauta murya ya ce, "Baba, wuri ɗaya ne fa ka zana sau bakwai, kuma ba biyu da suka yi kama."

Baba ya ce, "Na gani."

"Na karɓo maka ganin likitan ƙwaƙwalwa, Alhamis mai zuwa. Da ƙyar aka samu. Kafin nan, don Allah ka ba ni makullin mota in riƙe."

Nan na yi tsalle na dire. Na ce wasan yara ne za a mayar da ubanmu mara hankali a kansa? Na ce mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Yaya ya ce in yi masa shiru ba da ni yake ba, na ce ai ni nake zuwa kullum, shi sai ƙarshen wata yake leƙowa ya ba da umarni ya tafi. Muna cikin haka, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, sai muka ji ƙarar ƙarfe a kan gilashin tebur. Baba ne ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye.

Ya ce, "Bar yayanki, Auta. Ya ɗauka."

Da ya yi faɗa ne, da hankalina ya kwanta. Wannan miƙa wuya da ya yi shi ya tsorata ni, haka na koma gida. Abin da ya tsaya min a rai ɗaya ne, shin kan Baba ne ke tafiya, ko kuwa me. Da na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kan kwamfutar. Ranar Litinin darasina ya ƙare da ƙarfe goma sha ɗaya, na biya gida na kinkime ta, na ce wa Baba gyara za a yi mata. Niyyata a goge wasan kowa ya huta. Umma ta cusa min katin asibitin da Yaya ya bari a jaka, ta ce in adana don kar ya ɓace a hannunta.

Shagon mai gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, ɗan tsukuku ne da mutum biyu ba sa iya wuce juna a ciki. Kwamfutoci a farke har rufi, wayoyi na lilo, ƙaurin dalma na hawa kai. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Injiniya yake ce masa. Ya jona ta, na nuna masa wasan na ce ya shafe shi ƙurmus.

Ya tura tabarau goshi ya matso da fuskarsa. "Ikon Allah, wannan yana nan da rai? Ai saboda shi matata ta taɓa ɓoye min wayar wuta mako guda. Malama, me ya yi miki?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma bakina ya kwance. Na ba shi labarin taswirori bakwai da tef da makullin mota. Ya saurara har na gama, sai ya ajiye sukundireba a hankali.

Ya ce, "Taswira yake zanawa? Malama, ai wannan wasan ba a yi masa taswira. Duk sanda aka mutu aka faro, sabon rami yake ginawa. Ɗakunan, ƙofofin, matakalar, duk sake su yake yi. Ba ya maimaita wuri, ko sau dubu za ki shiga. Daɗinsa ke nan ai."

Na ce ya nuna min, ban yarda da baki ba. Ya fara wasa, ga ɗaki dogo. Ya fita ya sake farawa, ga ɗan ƙarami mai ƙofa uku. Sau biyar ya yi, ina tsaye a gefen teburinsa ina kallo. Farin ciki da haushi suka haɗu min wuri guda, har ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Injiniya ya kau da kai yana ta neman wani abu a cikin kwali, mutumin kirki.

Tun a cikin tasi, kwamfuta a cinyata, na zaro katin na kira asibiti na ce a soke ganin likitan, mara lafiya ya warke. Sannan na kira Yaya na ce duk abin da yake yi ya ajiye ya zo gida yanzu. Ban gaya masa dalili ba, so nake ya gani da idonsa a gabana.

Ƙarfe uku muna falo mu huɗu. Na jona ta, na zaunar da Baba a gaban allo, na yi yadda Injiniya ya nuna min. Na fara, na fita, na sake farawa. A karo na uku Baba ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ya ɗauki fensir ya zana ɗakin da ke allo da sauri a bayan ambulan, ya ce in sake. Na sake. Ya gwada sabon ɗaki da zanen da ko minti ɗaya bai yi ba, ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Ke nan duk bakwai ɗin daidai ne."

Na ce, "Duk daidai ne, Baba. Kowacce daidai take a ranar da ka zana ta."

Sai ya yi dariya, irin wadda muka yi wata biyar ba mu ji ba, har da tari. Ya ce wanda ya ƙera wannan abu mugu ne, amma gwani ne. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi tana ta hamdala. Yaya kuwa ya rasa inda zai sa idonsa. Na so in wanke shi tas, na ma shirya kalmomin tun a tasi, amma da na ga ya durƙusa a gaban Baba yana ba shi haƙuri, sai na haɗiye rabi. Rabin da ya rage dai na faɗa. Yaya ya mayar wa Baba da makullin, ya koma wurin aiki. Umma ta shiga kicin ta ce yau sai ta dafa abin da Malam ya fi so.

Muka rage ni da Baba. Rana ta karkato ta taga tana haska kafet. Yana tattara taswirorin ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita gefensu a gwiwa. Ina ta zuba, ina ba shi labarin Injiniya da matarsa, ina cewa ai har na kira asibiti na soke.

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Kin soke?"

"Tun a hanya. Me za mu je yi?"

Ya leƙa ƙofar kicin, ya ji ƙarar turmi, sannan ya nuna min kujerar da ke kusa da shi. Na zauna.

Ya ce, "Talatar da ta wuce na je aski, a ƙafa. Da na fito na zo mararrabar nan ta wajen mai faci, sai na tsaya. Ban san hagu zan yi ko dama ba." Ya gyara taswirorin a gwiwarsa. "Unguwar nan ni na auna ta, Auta, tun tana gonaki. Ni na kafa duwatsun kowane layi. Na tsaya ina kallon shaguna, na san na san su, amma ban san inda gidana yake ba. Na zauna a bencin mai faci kamar mai hutawa. Sai da motar makaranta ta zo wucewa, wadda ke sauke yara a layinmu, na tashi na bi bayanta. Ummanku ta ce na daɗe, na ce layi ne a wurin askin."

 Na ce wataƙila rana ce ta buge shi, wataƙila damuwar wasan ce, mutum in ya sa abu a rai komai na iya faruwa.

Ya girgiza kai. "Wannan ne na uku. Na farkon tun kafin ki jona akwatin nan." Ya ɗora tafin hannu a kan taswirorin. "Na ji daɗi da waɗannan suka fita daidai, wallahi na ji daɗi. Amma titi ba wanda ya sake gina shi. Kira su ki ce a mayar mana da ranar. Ki bar Ummanku ta gama girkinta tukuna, ni zan gaya mata da kaina."

Na fito da katin na sake kiran asibitin. Matar da ta ɗauka ta ce an riga an ba wani ranar Alhamis ɗin, sai dai bayan mako shida. Na ce ta rubuta. Ta ce tunda an soke na farko sai ta cike sabuwar takarda, ta tambayi sunan mara lafiya, na faɗa. Ta tambayi shekarunsa. Na san su sarai, amma sai na juya wajen Baba don ya faɗa da kansa.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya zuba min ido yana jira in faɗa.